Bayan Shekara Uku

Karo na huɗu ke nan Garland Whitlock yana jan jar biro a kan tambaya ɗaya a takardar gwajin Odessa Beltran, har takardar ta kusa hujewa.

Shekara ashirin yana koyar da masu neman lasisin dillancin gidaje a garin Fresno, yana kuma cika baki cewa ko kujera ce ta zauna ajinsa sai ta ci jarrabawar jiha. Odessa ce ta zame masa ƙarfen ƙafa. Ta haura hamsin, ta bar aikin kanti saboda gwiwoyinta sun daina ɗaukar tsayuwa. Awon fili, dokar haya, sharuɗɗan ciniki, duk a kanta suke. Amma sau biyu tana faɗuwa da maki ɗaya tak, ranar Asabar kuma za ta shiga ta uku. Ta riga ta gaya masa in ta sake faɗuwa ta haƙura, ga shi ba ta da wata sana'ar da za ta koma.

Tambayar kuwa ko ɗan sabon shiga ya san ta. Mutum ya mutu a gida shekara huɗu da suka wuce, mai saye bai tambaya ba, shin dole ne dillali ya faɗa? Amsar a'a ce. Odessa kullum e take zaɓa.

"Madam Odessa, shekara uku doka ta ce!" in ji shi. "Bayan uku, in ba a tambaye ki ba, ki ja bakinki ki yi shiru. Gida kike sayarwa, ba tarihi ba."

"Na ji, Mista Whitlock."

Kullum dai ta ji.

Garland yana da wata al'ada. Kafin jarrabawa kowane ɗalibi zai zaɓi gida cikin waɗanda aka sa a kasuwa, shi ya karɓo makulli ya zama mai saye, ɗalibin ya zaga da shi. Odessa ta zaɓi wani ɗan gida mai ɗaki uku a gabashin gari. Masu shi sun tashi, an kwashe komai, an shafe bango da farin fenti don mai saye ya hango kansa a ciki.

Da hantsin Alhamis suka je, nan fa Garland ya sha mamaki. Ta ɗan ɗaga ƙofar kafin ta tura, ta buɗe ba gardama. Ta ce ya kula da matakala ta biyu. Ta nuna masa inda rana ke faɗowa a kicin da safe. Duk ƙorafin da ya ƙirƙiro irin na mai saye mai tsegumi, tana da amsarsa. A ransa ya ce matar nan ta yi bincike, an haife ta ne don wannan aiki.

Sai suka zo ɗakin ƙarshe, ƙarami, mai taga ɗaya. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta shiga ba.

"A nan wata yarinya ta rasu," ta ce a hankali. "Noemi. Shekararta goma sha tara. Shekara huɗu da wata biyu ke nan."

Ran Garland ya ɓaci ƙwarai, don ya riga ya sa rai da ita.

"Wa ya tambaye ki? Kin kashe cinikin da bakinki! Haka za ki yi mini ranar Asabar?"

"Ranar Asabar zan zaɓi abin da kake so," ta ce. "Yau dai ka ƙyale ni."

Ta miƙa masa makullin, ta sauka matakala tana dafa bango.

Ya tsaya shi kaɗai yana huci. Ina ma ta samo wannan labari, alhali babu shi a tallar gidan? Ya buɗe fayil ɗin da ya zo da shi, ya bi jerin waɗanda suka taɓa mallakar gidan da yatsa, har ya kai kan wadda ta sayar wa masu shi na yanzu.

Sunan Odessa Beltran ne a wurin, shekara ashirin da biyu tana cikin gidan, abin da fayil ɗin bai faɗa ba kuwa shi ne, Noemi ita ce 'yarta tilo.