Sa'ar Dayis ɗin Datti

Ja'afaru direba ya fizge dayis ɗin daga hannun Datti, ya jefa a baki ya tsotsa.

Duk unguwar Abakpa an san ba a cin Datti a lido, shi kuwa Ja'afaru ya rantse sa'ar a jikin dayis ɗin take. Ya tofo shi kan allo. Shida! Ya sake tsotsa. Shida! 'Yan majalisa suka kaure da ihu, an yi sabon gwani.

Datti kuwa sai yamutsa fuska yake yi.

"Baƙin ciki kake, mutumina?" in ji Ja'afaru.

"Wallahi ƙyama ce. Autana ne ya haɗiye shi shekaranjiya. Ɗazu uwarsa ta tsamo shi a cikin fo ɗin kashinsa."