Tawadar Biron Baba

Warin tawadar nan bai bar hancina ba. Da la'asar ne, masu rigakafin shan inna suna bin gidajen unguwarmu a Zuru. Duk yaron da suka ɗiga wa magani, sai su shafa masa tawada a ƙaramin yatsa.

Baba tsohon soja ne, bai yarda da maganin kyauta ba. Ya fasa bironsa, ya shafa wa ƙanwata Talatu da kansa.

"Kar ki goge, Uwata. In sun shigo, ɗaga musu hannu."

Ta ɗaga tana dariya. Suka duba, suka wuce.

Da hannun nan take rarrafe yanzu. Ni kuwa duk ranar da na ga tawada a yatsan ɗiyata, sai na kama na shinshina.