Ƙarƙashin Babban Agogo

Da hantsi leburori suka jingina tsani a bangon tsohon rukunin shagunan tsakiyar gari, za su sauke babban agogo kafin a rushe ginin. Kowa ya kwashe nasa ya nasa, ban da dattijo mai gyaran agogo. Teburinsa na nan daidai ƙarƙashin agogon, inda aka saba ganinsa.

Tarihin ginin nan a bakinsa ake ji. Shi zai ba ka labarin ranar da aka buɗe shi, shekara sittin da suka wuce: cunkoso har bakin titi, mutane na ture juna don su hau matakala mai tafiya da kanta. Yana nan aka yi gobarar hawa na biyu. Yana nan silima ta koma ɗakin ajiya, masu atamfa suka bar wa masu waya wuri, daga baya masu wayar ma suka tattara zuwa sabuwar kasuwa a bayan gari.

Sau uku ana ba shi shago mai ƙofa da fanka, yana cewa a bar shi a inda yake. Babban agogon kuwa ko tari ya yi, shi zai hau ya gyara, ba wanda ya sa shi. Duk tsohuwar da ta shigo sai ya ajiye aiki ya bi ta da ido, har maƙwabta na tsokanarsa: "Baba, budurwa kake nema ko kakarta?" Murmushi kawai yake yi. Wasu suna cewa matarsa ce ta gudu yake jira. Masu gadin farko ne kaɗai suka san asalinsa, su kuma duk sun rasu.

"Baba, don Allah ɗan matsa, kada ƙarfe ya faɗo maka," in ji shugaban leburorin.

Dattijon ya riƙe ƙafar tsanin gam. Wallahi abin tausayi.

"Ɗana, in kun cire shi, a ina za ta same ni?"

"Wa ke nan, Baba?"

Ya ɗaga kai ya dubi agogon, hawaye na bin gemunsa.

"Ranar da aka buɗe wurin nan ta ce in tsaya a ƙarƙashinsa, kada in gusa sai ta dawo. Innata ce. Shekarata shida a lokacin."