Randunan Zango na Uku

Ga wani misali ga duk wanda aka damƙa wa alƙalami ya tsara abin da 'ya'yan mutane za su koya.

An yi wata jami'ar ilimi, mace mai natsuwa da tsantseni, wadda ta shekara ashirin tana zagayen duba makarantu. Babu abin da ke ci mata rai kamar 'yan matan da ke gama sakandare su koma gida da takarda, hannu babu sana'a. Da aka ba ta aikin tsara manhajar koyar da sana'a da kasuwanci, sai ta karɓa hannu bibbiyu. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata. Za a gwada manhajar shekara guda a wata makarantar 'yan mata da ke garin magina tukwane. Idan ɗalibai suka gina kaya suka kai kasuwa aka saya, za a yaɗa ta zuwa sauran makarantu. In ba haka ba, a naɗe ta a ajiye.

Wata uku ta yi a ofis, littattafai jibge a gabanta. Ta raba shekara yadda aka koya mata raba kowane darasi: zangon farko bayani, na biyu zane da nazarin halin mai saye, na uku aikin hannu. Duk wanda ya karanta sai ya yaba, don komai ya zauna a gurbinsa. Unguwar magina tana nan bayan makarantar, har hayaƙinsu yakan shigo aji, amma ba ta leƙa ba. Ba don raini ba. Ita dai a saninta, sai rubutu ya kammala ake neman masu aikin hannu.

Zango na uku ya zo tare da damina. 'Yan mata arba'in na aji biyar suka cire takalma suka kwaɓa yumɓu da ƙafa, suka gina randuna da tuluna, kowace ta zana alamarta a wuyan tata. Aka jera su a ɗakin ajiya su bushe. Kwana goma sha biyu hadari bai bar rana ta fito sosai ba. Ranar da manhaja ta ce a toya ta zo, baƙi suka iso daga hedikwata, aka kafa rumfa. A ranar ne aka gayyato wata tsohuwar maginiya, aka ba ta kujera a gaba don ta sa albarka.

Tsohuwar ba ta zauna ba. Ta je ta ɗaga wani tulu ta kanga shi a kumatunta, ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ta ajiye a hankali.

Ta ce, "Malama, wa ya ba ku shawarar toyi da damina? Wannan cikinsa ɗanye ne sharaf."

Jami'ar ta ce, "Haka yake a manhaja, Inna."

"To shi wanda ya rubuta ta, a garinsu ba a ruwa?"

Alhali jami'ar ce da kanta ta rubuta ta.

Tsohuwar ta ci gaba, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Mu sai an cire amfanin gona muke gini. Mu toya da rani, kara ya bushe. Randa kuwa da bazara take shiga kasuwa, lokacin da kowa ke neman ruwan sanyi. Yanzu ko ta toyu, wa zai saya? Ni da kike gani, daga gona aka ɗauko ni."

Jami'ar ta dubi baƙin da ke ƙarƙashin rumfa, ta dubi 'yan matan da suka jeru cikin fararen hijabai suna jira. Hutu saura mako guda, babu wata ranar. Ta ce a kunna. Karan dawa ya ƙi kamawa sai da aka zuba masa kananzir. Da zafi ya ratsa, sai tukwanen suka fara fashewa cikin wutar, ɗaya bayan ɗaya, ana jin ƙararsu har bakin ƙofar makaranta. Da toka ta huce, yaran suka sa kara suna tonawa, kowace na neman alamarta a cikin tsingaro.

A zaman da aka yi daga baya, wani daga cikin manya ya kawo shawarar a rubuta cewa 'yan matan ba su da sha'awar sana'a. Jami'ar ta miƙe, ita da ba ta cika magana a taro ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kada a ɗora wa yaran nan. Sun taka yumɓu har ƙafafunsu sun tsage. Ni ce na san shekarar makaranta, ban san shekarar tukunya ba." Aka rubuta yadda ta faɗa. Amma sharaɗi sharaɗi ne, aka naɗe manhajar aka ajiye. 'Yan mata arba'in suka wuce ajin ƙarshe, inda jarrabawar fita ba ta bar wa yumɓu wuri ba, suka gama suka koma gida da takarda.

Ilimin matar nan ba ƙarya ba ne, niyyarta kuma babu algus. Hausawa dai sun riga sun faɗa: na zaune bai ga gari ba.