Saiwoyi a Tsakiyar Lungu

Da sassafe ta juye tukunyar maganin mijinta a tsakiyar lungu, kamar yadda ake yi a unguwarsu da ke garin Ipoh, a Malesiya: a zubar da dafaffun saiwoyin a hanya, wanda ya taka ya tafi da cutar. Kowa ya san haka, shi ya sa ake kewaye su. Amma tun da tari ya kwantar da shi, kullum sai ta tarar an tattake su.

Yau ta laɓe bayan ƙofa.

Sai ga tsohuwar maƙwabciyarta mai taliya, wadda suka daɗe suna gaba da ita saboda kwata. Ta waiga, ta hau saiwoyin, ta murje su da takalmin katako.

"Inna, kin san abin da kike takawa kuwa?"

"Tun ba a haife ki ba. Jikin nan gidan haya ne, ciwo ɗaya ba zai rasa ɗaki ba. Je ki ba shi maganinsa, tarinsa na hana ni barci."

Kafin godiya ta fito mata, tsohuwar ta juya, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kaya.