Lissafin Da Ya Ƙi Zama

Abdulfatah ya danna maɓalli, manhajar lissafi ta SPSS ta zana layin rigireshan mai nuna alaƙar alƙaluman binciken Loyis, ya miƙe sambal. Kullum sai ya ce mata lissafin bai zauna ba, don kawai ta dawo shagon kwamfutarsa na Titin Bauchi.

"Har yanzu da saura," in ji shi, bai kalle ta ba.

"Abdul, na iya karanta sakamako fa. Tun ranar farko ya fito daidai."

Ya ɗago kai. Idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"To me yake dawo da ke?"

"Abin da Baba ya ce ba zai yiwu ba, tunda ni coci, kai masallaci." Ta miƙa masa filas ɗin ajiyar bayanan kwamfuta. "Juye min."

Aikin wata da watanni, kafin ƙiftawar ido ya shige.