Manhajar da Ta Samo Mini Aikin Kuka

"Anti Afrakoma, ki faɗi gaskiya, manhajar nan ce za ta zaɓo miki aikin da ya dace da ke," in ji ma'aikaciyar ofishin samar da aiki na Kumasi. "Me kika fi yi tun da aka sallame ki?"

"Kuka," na ce. "Shekara sha tara ina tantance 'ya'yan koko na yin cakulan a kamfani, manaja Oduro ya kawo inji ya ce in tafi gida. Rawa kike so in yi?"

Ta rubuta. Kafin in gyara ɗankwalina manhaja ta samo mini aiki: masu kukan haya a wajen jana'iza suna neman ƙarin mutum.

Ranar Asabar na ɗaura zane baƙi da ja, na bi shugabar masu kukan, Maame Fosuaa, zuwa wata jana'iza.

"Babban mutum ne, amma ba mai yi masa kuka," ta ce. "Ki yi birgima sosai, 'yata, iyalinsa sun biya."

Na buɗe baki zan kurma ihu ke nan, sai idona ya faɗa kan hoton mamacin. Oduro ne, da murmushin nan nasa na ranar sallama.

Na ciji leɓe, na toshe baki da zane, amma ina! Dariya ta ƙwace mini, har da riƙe ciki.

Maame Fosuaa ta ja ni gefe. "Tattara ki tafi, kada in sake ganinki."

Kun ji mutum! Yana kwance cikin akwati, amma sai da ya sake raba ni da aiki.